Wasiƙar Ingila da Na Karanta Maka

Ƙaura Namoda,
Laraba, bayan La'asar.

Zuwa ga Yayana Bawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da addu'ar Allah Ya sa kana cikin rahamarSa. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ba kai za ka karanta ta ba, tunda boko bai taɓa shiga kanka ba, sai dai ka miƙo mini ka gyara zama. Yau ni ne mai rubutu, ni ne mai karatu, kuma babu mai saurare. Duk da haka zan rubuta, don akwai maganar da ta tokare ni a ƙirji, kuma maganar taka ce.

Bari in fara da labarin gida, don na san ba ka son a faɗo maka magana ba gaisuwa. Damina ta yi kyau. Geron gonarmu ta Banga ya yi, dawar ce ta ɗan sha ruwa a gefen fadama. Ɗiyarka Saratu ta sauka lafiya, namiji, an sa masa sunanka na yanka, Abdullahi. Kunnuwanka ya ɗauko, Allah Ya ba shi haƙuri. Yaya Hajo ta fita takaba, 'yan'uwanta sun zo sun tafi da ita Birnin Tsaba. Gidanka yanzu a rufe yake, shagon ma haka. Keken ɗinkinka yana ɗakina, na lulluɓe shi da zane, ban san abin da zan yi da shi ba. Jirgin ƙasa ya fi wata biyu bai shigo ba, awaki ke kwana a kan dogo. Da yamma nakan bi ta gaban shagon ba don ina da abin yi a can ba, ƙafata ce ta saba.

Yaya, maganar Baturenka ce.

Ka tuna ranar da muka fara ganinsa? Tun muna ƙarƙashin Sakkwato ne, ba a ba mu jiha ba. Wani direban jirgi ya zo da kaset daga Ikko, aka sa a shagon kallo na bakin tasha da rana tsaka, mu wajen talatin muna zufa a kan benci. Wani siririn Bature ne mai dogon wuya, ya shigo da kujera a hannu. Ya goge ta, ya daidaita ta, ya ɗage ƙafar wando zai zauna, sai ga tsohuwa ta shigo, ya tashi ya ba ta. Ta fita, zai zauna, sai ga soja. Haka aka yi ta yi har kaset ya ƙare, bawan Allah bai zauna ba, kuma bai ce uffan ba. Kowa ya yi dariya ya watse. Kai ba ka yi dariya ba. Ka zauna baki buɗe, ka roƙi mai shago ya sake sawa, har sai da ya ce man injinsa ya ƙare. A hanyar gida ka ce mini yau ka ga ɗan'uwanka. Sunansa ya gagari harshenka, sai ka raɗa masa Mai Kujera, kuma da wannan suna garin nan ya san shi.

Dama can kai ne abin kunyar gidanmu, kada ka ce na faɗa. Baba yana na'ibin liman a Zurmi, ɗansa na fari ya ajiye allo ya ɗauki allura, kuma ba a taro ba ka sa mutane dariya ba. Amma kafin Mai Kujera, barkwancinka na baki ne, irin na kowane tela. Bayansa ne ka rufe baki ka ɗauki tabarma.

Ina ganinka har yanzu a kasuwar Shinkafi ran Alhamis. Ka zo da tabarma a hammata, ka share wuri, ka shimfiɗa, ka cire takalmi, ka tattare riga za ka zauna. Sai ka tsaya cak kamar ka ji sallama. Babu kowa a wurin, amma ka zabura, ka durƙusa, ka nuna wa iska tabarma. Shi Baturen yana da mutanen da ke shigo masa, kai ba ka da kowa, baƙinka duk na iska ne. Amma daga yadda ka durƙusa mutane ke gane wanda ya zo. Wannan suruki ne. Wannan mai karɓar haraji ne. Wannan gwaggon amarya ce. Masu shanu su bar ciniki, 'yan koli su bar kaya, har mutanen Nijar da ke zuwa da raƙuma su riƙe ciki. Ƙarshe ka naɗe tabarmarka ka tafi ba ka zauna ba. Ni kuwa ina can baya, malamin Turanci na sakandare, ina dariya ina waige-waige kada ɗalibaina su gan ni.

Talabijin ɗin shagon nan ba ta da launi, komai aka sa mata fari da baƙi take nunawa. Shi ya sa babu wanda ya gane cewa tsohon wasa ne ƙwarai. Kai ka ɗauka Baturen sa'anka ne, yana can Ingila yana fama da kujerarsa kamar yadda kake fama da tabarmarka. Idan aka yi sanyi ka ce ko yaya Mai Kujera ke ji. Idan ka yi wani sabon salo ka ce da ma ya gani. Ni ma ban san gaskiya ba a lokacin, wannan kam ba na cikin laifina.

Da furfura ta fara fito maka, dangi suka fara magana, wai mutum ya kusa hamsin yana birgima a kasuwa. Maganar ta dame ka fiye da yadda ka nuna. Sai ka zo mini da kwalin kaset ɗin, wanda mai shago ya bar maka, ka nuna mini ƙananan rubutun da ke bayansa, ka ce ai wannan adireshi ne. Na ce na kamfani ne. Ka ce kamfani ai ya san gidan ma'aikacinsa. Ka zauna ka faɗa, ni na juya zuwa Turanci. Ka gaishe shi, ka gaida iyalinsa, ka ba shi labarin tabarma, ka sa hular da ka yi wata guda kana ɗinka masa. A ƙarshe ka yi masa tambaya ɗaya: shin mutum yana iya tsufa a cikin wannan sana'a da mutuncinsa, ko akwai ranar da ya kamata ya bari? Na kai gidan waya ina yi maka dariya a zuci. Ban taɓa zaton amsa za ta zo ba.

Kafin ta zo aka ƙaddamar da Shari'a. Ka san yadda garin ya kasance. Mutane sun yi murna, mu ma mun yi. Aka rufe gidajen giya, shagon kallo na bakin tasha ya koma wurin sayar da hatsi. Kowa ya shiga taitayinsa, wasu ma suka riƙa tsoron abin da ba wanda ya hana su. A daidai lokacin ne aka sa sunana cikin waɗanda za a zaɓa don wani muƙami na kula da makarantu. Mu uku ne. Wata rana ina jiran ganin manya, wani daga cikin masu jiran ya gabatar da ni ga na kusa da shi da cewa ai wannan ƙanin Mai Tabarma ne. Suka yi murmushi. Murmushi kawai, Yaya, ba zagi ba. Amma na dawo gida da shi, na kwana da shi, na tashi da shi.

Ana cikin haka wasiƙar ta iso, shafi uku, da tambarin Ingila. Da yake akwatin gidan waya na makarantarmu na sa a matsayin adireshinka, hannuna ta fara shiga. Na buɗe a ofishin malamai na karanta ni kaɗai. Yau zan faɗa maka abin da ke ciki kamar yadda yake.

Ba shi ya rubuto ba, 'yarsa ce. Ta ce kamfanin ya yi ta neman su kafin takardarka ta same ta. Ta ce mahaifinta ya rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, yana tsoho tukuf, kuma wasan da ka gani an ɗauke shi tun tana 'yar ƙarama. Sai ta ba ka labarinsa. An haife shi a wani garin masaƙu a arewacin ƙasarsu, ubansa mai gyaran kujeru ne, yana bi gida-gida. Tun yana yaro yake ɗaukar wa uban kaya, a nan ya lura cewa mai gyaran kujera ba a taɓa ce masa ya zauna. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya gudu ya bi masu wasa. Ya yi shekaru yana zagaya ƙananan gidajen wasa na garuruwan bakin teku, wani lokaci 'yan kallo ba su kai goma ba. Lokacin yaƙi ya yi wa sojoji wasa a asibitoci. Ya fito a finafinai da dama, amma kullum shi ne mai buɗe ƙofa ko mai kawo shayi, sunansa can ƙasa. Sai talabijin ta ɗauke shi, ya yi 'yan shekaru duk ƙasar ta san fuskarsa. Daga nan yayi ya canja, aka koma son masu surutu, aka ajiye shi ba ko sallama. Abokan sana'arsa da yawa suka bari. Shi kuwa ya ɗauki kujerarsa ya koma gidajen tsofaffi da ɗakunan yara marasa lafiya, yana shiga motar haya da ita. Bai daina ba sai da gwiwoyinsa suka ƙi. Ta ce ba ta taɓa jin ya yi da-na-sani ba, ko sau ɗaya. Ta ce kujerar tana ɗakinta, ta ɗora hularka a kai. Kuma ta roƙe ka, in dai akwai mutum ɗaya da ke dariya, kada ka ajiye tabarmarka.

Wannan ita ce wasiƙarka. Ga kuma wadda na karanta maka.

Na same ka a shago da hantsi. Ka tsayar da keke, ka wanke hannu kafin ka taɓa ambulan. Ka kori masu zaman hira. Na buɗe takardar, na sa ido a kanta, na ce Mai Kujera yana gaishe ka, yana nan da rai amma ba lafiya. Na ce hular ta yi masa daidai. Na ce game da tambayarka, ya ce shi ya yi nadama, wasa ya cinye masa girma, 'ya'yansa suna jin kunyarsa, ya tsufa ba mai shiga ɗakinsa. Na ce shawararsa ita ce ka bari tun kana da sauran mutunci, ko don 'yan'uwanka. Ban yi i'ina ba, Yaya. Ni da ba na iya ƙarya a gaban ɗalibai, ranar harshena bai ko karkace ba. Da na ce maka ya mutu, ai da ka yi kuka ka ci gaba da wasanka. Shi ya sa na bar shi da rai, don ina bukatar bakinsa.

Ka karɓi takardar, ka jujjuya ta, ka linke ka sa a aljihun keke. Ka yi mini godiya. Ran Alhamis ta gaba ka je Shinkafi, ka yi wasanka kamar kullum. Wadda ta biyo baya ba ka je ba, kuma ba ka sake zuwa ba. Tabarmar ta koma shimfiɗar masu jiran ɗinki. Bayan wata ɗaya aka ba ni muƙamin.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Babu wanda ya hana ka. Ba wani malami, ba wani mai mulki, ba takarda. Wasanka ba kiɗa, ba mata, ba ko kalma ɗaya. Ranar addu'ar ukunka limamin unguwarmu ya ce mini shi kansa yakan tsaya ya kalle ka in ya je Shinkafi, kuma ya yi kewar abin. Waɗanda suka ba ni aikin ma ban taɓa jin ɗayansu ya ambace ka ba. Tsorona ne kawai na ɗinka wa riga na sa masa sunan Bature.

Shekara uku ka yi bayan nan. Ba zan ce ni na kashe ka ba, ajali na Allah ne, ciwon ciki ne ya kwantar da kai. Amma na ga yadda ka koma. Shagonka da ba a wucewa ba a ji dariya ba ya zama shagon tela kawai. Ka riƙa tashi daga shago da wuri. Ran Alhamis ka fi kowace rana yawan shiru. Ni kuma na rage zuwa, ina cewa aiki ne ya yi yawa. Ba aiki ba ne, fuskarka ce ba na iya kallo.

Amma kowace Sallah sai ka aiko a kira ni. Ka ce a rubuta wa Mai Kujera gaisuwa, a duba shi da jiki. In zauna da biro, ka faɗa, in rubuta, in ce zan kai gidan waya. Sallah shida, takarda shida. Ko ɗaya ban aika ba, wa zan aika wa? Idan ka tambayi amsa in ce ƙila jikin ne ya matsa masa. Ka ce Allah Ya ba shi lafiya. Kowane karo na shiga shagon da niyyar faɗa maka gaskiya, kowane karo na fito da ita a bakina.

Ranar Juma'ar da za ka cika, da safe, na zauna kusa da kai. Yaya Hajo ta fita ta ba mu wuri. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarka ko za ka sha kunu. Kai ne ka kama hannuna ka ce, "Ummaru, na yahe ma duniya da lahira, wanda kas sani da wanda kaka ganin ban sani ba." Na ɗauka irin maganar da kowane mai tafiya ke yi ce. Na ce ni ma na yafe maka, kamar akwai abin da ka yi mini. Wata huɗu ina kwana da tambaya ɗaya: yafiyar wanda bai san abin da aka yi masa ba, tana ɗauke haƙƙi? Na kasa tambayar kowane malami, don sai na faɗi dalili.

Shekaranjiya Baba Akawu ya zo. Ka san shi, tsohon akawun tashar jirgi, wanda ya koma Ɗan Isa da noma bayan ya bar aiki. Ya daɗe yana jinya, bai sami zuwa ta'aziyya ba sai yanzu. Muka yi addu'a, muka taɓa hira, sai ya ce, "Ai ni nik karanta mai takardar nan ta Ingila. Kwana biyu da zuwanta yak kawo mani ita. Da nig gaya mai Baturen ya daɗe da mutuwa, sai da yay yi hawaye."

Na tambaye shi me ya sa ka kai masa, bayan na riga na karanta maka. Ya yi dariya, ya ce ka ce masa an ba ƙaninka yadi uku ya fito da hula ɗaya, kana son ganin sauran ƙyallen. Ya ce ya karanta maka daga farko har ƙarshe sau biyu, kuma ka roƙe shi kada ya gaya mini, don kada in ga kamar ka raina Turancina. Tsohon bai san abin da na karanta maka ba, ba ka faɗa masa ba. Shi ya sa ya dube ni da zuciya ɗaya ya ce abin da har yau bai gane ba shi ne, matar nan ta roƙe ka kada ka bari, me ya sa ka bari? Na ce masa Allah Ya sani. Na raka shi bakin hanya, na dawo na zauna a ƙasa.

Ashe ka sani, Yaya. Ka san ya mutu, ka san bai yi nadama ba, ka san an ɗora hularka a kan kujerarsa. Ka je Shinkafi sau ɗaya da sanin haka, sannan ka naɗe tabarmarka. Ba Bature ka bi ba. Ka ji abin da ƙaninka ya kasa faɗa da bakinsa, sai ka yi masa.

Jiya na ciro takardun nan shida daga akwati. Da hannuna na rubuta su, amma sai jiya na karanta. A ta farko ka ce a gaya masa ka bi shawararsa, gwiwoyi sun huta amma yini ya yi tsawo. A ta uku ka ce a gaya masa kada ya damu, kowane mutum da abin da ke ba shi tsoro. A ta biyar ka ce idan akwai abin da ke damunsa ya faɗa, ai ku 'yan'uwa ne, ba ka riƙe shi da komai ba. Ta ƙarshe gajera ce, ka ce ka ji shi shiru, kana nan kana jira. Ni kuwa ina zaune gabanka, kaina a sunkuye, ina neman kalmar Turanci da ta dace.

Me ya sa ba ka daka mini tsawa ba? Kai ne babba, da ka mare ni a tsakiyar shago ba mai cewa don me. Ko ka san mari zai fi mini sauƙi? Sau shida ka buɗe mini ƙofa, ka tsaya kana kallona, ni ina rubutu. Yaya ka ji duk lokacin da na linke takardar na sa a aljihu na ce sai na dawo? Wannan ne ba zan taɓa sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Yanzu na san yafiyarka da ido buɗe ka yi ta. Ya kamata in ji sanyi, amma ban ji ba. Ka ba ni abin da ban roƙa ba, kuma roƙon kake jira. Shekara uku kana jiran kalma biyu daga bakin ƙaninka, na bar ka ka tafi ba ka ji su ba. Ina da ofis, ina da masu gaishe ni a hanya, amma mutum ɗaya ne a duniya ya san ni ciki da waje kuma bai guje ni ba, shi ne na rage zuwa wurinsa.

To ga su, ko da sun makara. Na yi maka ƙarya, Yaya. Ka yafe mini.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa mu a inda zan iya faɗa maka da baki. Sai mun zo.

Ni ne ƙaninka,
Ummaru.